Sunan Ƙarshe a Rajista

A Kuchigoro, wata unguwa a gefen Abuja, kowa da abin da yake faɗa a kan Malama Zaituna. Matan layinsu suna cewa ba ta da hayaniya: in ta zo gidan suna sai ta sami gefen tabarma ta zauna, ki yi ta zuba tana gyaɗa kai, sai kin tashi tafiya ki tuna kin faɗa mata abin da ko 'yar'uwarki ba ki faɗa wa ba, ke kuwa ba ki ji komai nata ba. Malaman da suke koyarwa tare suna cewa Turancinta ba ya gudu, ɗaya bayan ɗaya take ɗauko kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, domin sai da ta yi aure ta haihu sannan ta fara riƙe fensir a ajin manya a Dutsin-Ma, daga nan ta yi ta jan jiki har ta sami takardar malanta. 'Yan aji biyar suna cewa Anti ba ta duka, amma gara bulala da kallonta. Ita kuwa mai makarantar, Madam Clara, wadda har direban bas yake kira Mama Bernard, ta sha faɗar cewa ba ta taɓa ɗaukar malama mai haƙurin Zaituna ba. Abu ɗaya ne kawai ta kasa ganewa: yadda take yi da yarinyar nan Zakiyya da ke zaune a gidanta.

Abin da Madam Clara ba ta sani ba, kuma kusan duk unguwar ba su sani ba, Zakiyya 'yar Zaituna ce ta cikinta, ita ce ta fari. A garinsu ɗan fari na kakanni ne. Ana yaye shi kaka za ta ɗauke abinta. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in wani ya yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Haka aka yi wa Zaituna, don ita ma ta fari ce, haka kuma ta yi. Zakiyya ta tashi a ɗakin Inna, mahaifiyar Zaituna, ta ji ƙannen uwarta suna cewa Yaya, ita ma ta bi sahu.

A shekarun da soja suka koma bariki, Abuja ta shiga tsirar da benaye ta ko'ina, mai gidan Zaituna, Lukmanu, ya taho ya buɗe shagon yadi. A nan aka haifi Ammar, aka haifi Zahra. Maƙwabta, da Gwari da Ibo da Tibi da 'yan Zariya, suka ga yaro namiji riƙe da zanenta, suka sa mata Maman Ammar, ita kuma ba ta gyara wa kowa ba. Bara Inna ta rasu, aka kawo Zakiyya tana da shekara goma sha ɗaya, da takardar makarantar ƙauye mai ɗauke da sunan kakanta: Zakiyya Kure. Aka sa ta aji huɗu. Bana ta faɗo ajin uwarta.

Kullum da safe Zaituna takan buɗe rajista ta kira sunaye bi da bi. Abdulbasit, Enoch, Janet, har ta gangaro kan Yohanna. Daga Yohanna sai ta ɗaga ido ta dubi bencin bakin taga, ta ga farin hijabi, ta sa maki, ta rufe littafi. In tana son yarinyar ta amsa tambaya sai ta ce, “Ke ta bakin taga.” A gida kuwa 'Yar Inna take ce mata. Makon da ya wuce aka yi gwajin zaɓen yara biyar da za a kai Sheda su ga ɗakunan binciken kimiyya. Zakiyya ce ta fi kowa maki. Zaituna ta tsallake ta, ta rubuta biyar da ke bin ta, ba ta ko ji wani abu a ranta ba. Wace uwa ce za ta rubuta sunan 'yarta ta fari da hannunta a saman takarda, ta kai ofis?

Ranar Litinin da safe Lukmanu yana kurɓar shayi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Yarinyar nan ta same ni jiya. Ta ce in Hadi ya kawo albasa ranar Asabar za ta bi shi gida.”

Hadi ƙanen Zaituna ne, shi ke gidan Inna yanzu da iyalinsa.

“Hutu aka yi, Malam?”

“Ba hutu take nufi ba. Komawa gaba ɗaya.”

“Me aka yi mata?”

“Na tambaya, ta ce ba komai. Na sake tambaya, ta ce ba komai.” Ya ajiye kofi. “Ni dai ba zan riƙe ta dole ba. In hankalinta ya fi kwanciya can, shi ke nan. Ke ce kike tare da ita gida da makaranta, ki duba.”

Da yara suka fita, Zaituna ta shiga ɗakinsu ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ga jakar nan mai zanen ja da shuɗi da aka zo da ita daga Dutsin-Ma, an cika ta an ja zif. Ta daɗe a durƙushe tana kallonta. Ba a dake ta ba. Abinci tare suke ci da ƙannenta, har ma nata naman ya fi girma, don Zaituna takan tura shi ƙasan tuwo yadda ba wanda zai lura. To mene ne? Maganar Sheda ta gifta mata, ta kore ta: yarinyar da ta tashi a ɗakin Inna ai ta san yadda ake yi. Ta so ta kira ta ta tambaye ta baki da baki, amma ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana da ɗan fari ba. Ba ta taɓa ganin an yi ba. Saura kwana biyar.

Darasin ranar Talata a littafin Turanci kalmomi biyu ne masu kama da juna: hide da conceal. Zaituna ta duba ƙamus ɗinta mai yagaggen bango tun da asuba, ta ga in ta juya su Hausa duka biyun ɓoyewa ne. Ita kuwa abin da ba ta taɓa da hannu ba ba ta yarda ta koyar da shi, don ta san wahalar da ta sha da kalmomin da aka jefo mata haka kawai. Sai ta sayi lemo ɗaya a bakin titi.

“Enoch, fita waje ka juya baya.”

“Anti, me na yi kuma?”

“Ba ka yi ba tukuna. Fita.”

Ta sa lemon a bayan bokitin ruwa, ta kira shi. Enoch ya shigo yana shinshina kamar karen farauta, aji ya kwashe da dariya. Ya leƙa akwatin alli, ya ɗaga jakar Janet ta make masa hannu, can ya je bayan bokiti ya ɗago lemo sama kamar wanda ya ci kofi.

“Wannan shi ne hide,” in ji Zaituna. “Na ɗauke abu na kai inda ido ba ya kai. Kaza tana yi da ƙwanta, ku ma kuna yi in kuna wasan ɓuya. Sake fita.”

Wannan karon ta riƙe lemon a hannu, ta saki hijabinta a kai, ta tsaya a gaban allo yadda ta saba tsayawa. Enoch ya birkice ajin kaf. Ya wuce ta gabanta sau uku, har ya ce, “Anti matsa kaɗan,” ya duba bayanta. Da ya gaji ta ɗaga gefen hijabin.

“Kai! Anti wannan cuta ne! Yana wurinki tun ɗazu!”

“Yana gabanka, ban kai shi ko'ina ba. Na dai hana ka sani, kuma da gangan na yi. Wannan ya fi kusa da conceal. Kalma ce mai nauyi, manya sun fi amfani da ita. Ba lemo kaɗai ba, har gaskiya, har abin da ke cikin zuciya.”

Janet ta ɗaga hannu. Ita ce mai tambayar ajin, in ta fara ba ta tsayawa. “Anti, in mamana ya ga maƙwabcinmu yana zuwa, ya tura tukunyan nama ƙarƙashin gado, wanne ne?”

“Hide ne.”

“In ya bar tukunyan a wurin, ya ce wai ruwan zafi ne a ciki fa?”

“Kin gane ke nan. Amma kada ki je ki ce ni na aike ki.”

Abdulbasit ya ce, “Anti, wanne ya fi zunubi?”

“Ba ajin Islamiyya muke ba, Malam Abdulbasit. Ya danganta da abin da aka ɓoye, da dalilin ɓoyewar.”

Janet ba ta sauke hannu ba. “Mutum fa, Anti? Ana iya yi wa mutum conceal?”

Zaituna ta tsaya. Tambayar ta ba ta sha'awa, ba ta taɓa tunaninta ba. Ta juya lemon a hannu. “In kin kulle mutum a ɗaki, hide ne. Amma yana iya zama a tsakiyar jama'a, kowa na ganinsa, a hana mutane sanin ko shi wane ne. Ina jin wannan ne ɗayan.”

“Kamar ɗan sandan ciki!” in ji Enoch.

Aka sake dariya. A bakin taga Zakiyya ba ta yi dariya ba. Ta ɗago kai, abin da ba ta cika yi ba, ta dubi Zaituna ido cikin ido, sannan ta sunkuya ta rubuta wani abu. Zaituna ta ba su aikin gida: kowa ya kawo jimla biyu, ɗaya da kowace kalma, kuma daga abin da ya gani da idonsa, ba daga littafi ba. Lemon kuma ta ba Enoch ladan wahala.

A hanyar gida ta biya shagon Lukmanu ta zaɓi yadi ruwan zuma, ta kai wa tela ya ɗinka hijabi tana tsaye. Ta ɗora shi a kan gadon yarinyar ba ta ce komai ba. Haka Inna take yi mata in ta ɓata mata rai: sai dai ta tarar da sabon ɗankwali a kan tabarmarta, magana ta ƙare. Washegari da safe Zakiyya ta zo bakin madafa ta rusuna.

“Yaya, na ga hijabi. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Zan sa shi a mota ranar Asabar.”

Zaituna ta ci gaba da dama koko, har ya yi gudaji ba ta lura ba.

Lokacin tara ranar Laraba ta zauna a ajin ita kaɗai da tulin littattafai da jan biro. Enoch ya rubuta cewa yakan ɓuya a bayan tanki in babansa ya ɗauko almakashin aski. Janet ta tona asirin tukunyar uwarta da Turanci mai kyau. Yohanna ya haɗa kalmomin biyu a jimla ɗaya don ya huta. Littafin ƙarshe shi ne mai bangon da aka naɗe da takardar kalanda, rubutun a tsaye, ƙanana, irin na Zaituna sak.

I hide my bag under the bed.

Aunty conceals that she is my mother because I came from the village.

Ta karanta sau biyu. Ta bi jimlar kalma kalma da bakin biro, yadda ta saba, tana neman inda za ta ja layi. Ba kuskure. Yarinyar ta gane darasin fiye da kowa. Jaka tana ƙarƙashin gado. Anti kuma tana ɓoye cewa ita ce uwarta, wai don daga ƙauye ta zo.

Ba ta rufe littafin ba Madam Clara ta shigo, takardun gwajin Sheda a hannu, tabarau a goshi.

“Malama Zaituna, ki ba ni minti biyu. Na duba wannan marking, na sake dubawa. Yarinyan nan Zakiyya ya ci arba'in da bakwai. Janet arba'in da ɗaya. Ina sunan Zakiyya a list?”

Zaituna ta dafe littafin da tafin hannu.

Madam Clara ta jawo benci ta zauna, ta rage murya. “Ki ji, ni ba na shiga maganan gidan mutane. Amma na daɗe ina kallo. Ba ki kiran sunanshi, ba ki ce mishi well done. Ko 'yar aiki ne aka kawo miki daga ƙauye, ai wani ne ya haife shi. Mamanshi yana can yana tunani.”

“Ba 'yar aiki ba ce, Madam.”

“To 'yar wa?”

Zaituna ta ajiye biro. Ta dubi ƙofa, ta dubi allo. A ƙarshe ta juya littafin ta tura mata. Madam Clara ta sauko da tabarau ta karanta, ta dubi Zaituna, ta sake karantawa.

“Ke? Ke kika haife shi?”

Zaituna ta gyaɗa kai.

“Ba Ammar ne first born ba?”

“Ita ce.”

“Jesus! To me ya yi miki?”

“Ba ta yi komai ba. Haka ake yi a wurinmu. Ɗan fari ana jin kunyarsa. Ba a kama sunansa, ba a nuna shi.”

“Saboda ba a so shi?”

“Saboda an fi son shi.” Zaituna ta ji nauyin abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai. “In kin nuna, kamar kina yi wa iyayenki da surukanki rashin ta ido ne. Kamar kina cewa ku gan ni, na isa.”

Madam Clara ta jingina da bango, ta manta da faɗan da ta zo yi. “Wannan abu! Mu a wurinmu, ranan da na haifi Bernard sunana ya mutu. Ko mamana Mama Bernard yake ce mini. In kika ce Clara a garinmu ba wanda zai juyo. Ke kuma kin haifa kin ɓoye.” Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. “To yaron fa, yaya yake sani ana son shi?”

“Yana sani mana.”

“Ta yaya? Ina tambaya ne, ban sani ba.”

Zaituna ta juya tambayar a ranta. Ta yaya ita ta sani? Inna ba ta taɓa faɗa mata ba. Amma ta tuna ranar da ta faɗi a bakin rijiya ta fasa goshi, Inna ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta gani ba, sai wata gwaggonta ta ɗauke ta tana cewa, dubi uwarki, hannunta rawa yake yi, garin duk ya zube ƙasa. Ta tuna matan gida suna tsokanar Inna, suna cewa kira ta mana mu ji, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kowa ya fashe da dariya. Kowace mace a unguwar ta san ma'anar wannan shirun, kuma kowace ta fassara mata shi, da wasa, da zolaya, tun ba ta da wayo. A can gari guda ne yake kiran sunan da uwa ta ƙi kira.

A nan fa? A Kuchigoro wa zai ce wa Zakiyya dubi hannun uwarki? Inna da za ta faɗa ta rasu. Abin da yarinyar take ji kullum daga bakin kowa shi ne Maman Ammar, Maman Ammar. Tana ganin ana goya Zahra, ana kiran Ammar da sunansa har da ƙari. Ita kuma ke ta bakin taga.

“Mutane ne suke gaya masa,” ta ce a hankali. “Na taho da abin, na baro mutanen.”

Madam Clara ta tattara takardunta. “Bas yana ɗaukan goma sha huɗu. Ba zan cire kowa ba, zan ƙara ɗaya. Amma ni ba zan rubuta ba. Ki rubuta da hannunki ki kawo.” A bakin ƙofa ta juyo. “Maman Zakiyya.”

Zaituna ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Amma ba ta ce a daina ba.

Ranar Alhamis da yamma, yara sun fita wasa, tana wanki a tsakar gida, ta gwada. Ta dubi bokiti ta ce, “Za…” Sauran ya ƙi fita. Ta iya faɗar kalmomin Turanci masu gaɓa biyar, ta iya karanta sunan kowane yaro a makarantar har na Ibo masu wuyar faɗa, amma wannan mai gaɓa uku ya gagara. Ta sake gwadawa da raɗa. Lukmanu ya shigo da babur ya tarar tana magana da ruwan omo.

“Lafiya?”

Ta gaya masa komai, har jimlar, har abin da take shirin yi. Ya tsaya da makulli a hannu.

“A gaban 'yan aji? In mutanen gida suka ji fa?”

“Waɗanne mutanen gida, Malam? Leƙa layin nan ka nuna mini mutum ɗaya da ya san abin da muke yi. Kunyar wa muke ji? Ita kaɗai take gani, kuma ba abin da muke nufi take gani ba.”

Ya shafa gemu. “Ni dai ba zan iya ba.”

“Ban ce ka yi ba. Ni ma ban san ko zan iya ba.”

Ranar Juma'a ta buɗe rajista. Abdulbasit. Enoch. Janet. Tana gangarowa tana rage sauri. Yohanna ya amsa. Yara suka fara buɗe jakunkuna, don sun san daga nan an gama. Zaituna ba ta rufe littafin ba. Ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe, ta karanta shi yadda ta koyi karatu a ajin manya, gaɓa gaɓa, ba ta ɗaga ido ba.

“Zakiyya.”

Ba wanda ya amsa. Enoch ya ce, “A'a! Yau Anti ya tuna!” Janet ta juya ta zunguri ta bakin taga da rula. “Ke, ana kiranki.”

“Present, Anti.” Da ƙyar aka ji.

Zaituna ta sa maki, ya fita a karkace. Ta ɗauko takardar Sheda da ta karɓo daga ofis, ta rubuta sunan a sama da na kowa, ta ce, “Wadda ta fi kowa maki a gwajin nan ita ce wannan, ni ce ban sa ta ba. Ranar Talata za ta bi ku.” Ta numfasa. “Janet, kin tambaye ni ko ana yi wa mutum conceal. Ana yi. Ni na yi. 'Yata ce, ita ce babba a ɗakina.”

Aji ya ɗauki hayaniya. Janet ta riƙe baki ta ce dama ta ga hancin iri ɗaya ne. Abdulbasit ya ce shi ya sa rubutunsu ya yi kama. Enoch ya ce to yanzu an gane inda maki arba'in da bakwai ya fito, Janet ta ce masa ai da haka ne da ba a cire ta ba, mai kan kwakwa. Zakiyya dai ta kifa fuska a benci, ba ta ɗago ba har aka tashi.

Bayan an sauko daga masallaci, Ammar da Zahra suna waje, Zaituna ta tsaya a ƙofar ɗakin yara. Zakiyya na zaune a bakin gado, ta jawo jakar tsakiyar ɗaki, ba ta buɗe ba.

“In shigo?”

Yarinyar ta dube ta da mamaki, ta matsa. Zaituna ta zauna a ɗaya gefen, jaka a tsakaninsu.

“Na karanta aikinki. Ta farko daidai ce. Ta biyu Turancinta daidai ne, dalilin ne ba haka ba.”

“To mene ne dalilin?”

“Kin taɓa jin Inna ta kira sunana?”

Zakiyya ta yi tunani. “Ta Abuja take cewa. Ko ta ce waccan.”

“Har ta rasu ba ta kira ba. Ni ce ta fari.”

“Amma kullum in an yi kilishi sai ta ware, ta ce a kai wa ta Abuja.” Ta tsaya, tana kallon ƙasa. “Na zaci don kina da nisa ne.”

“Naman da kike tararwa a ƙasan tuwonki fa, kin zaci da ƙafarsa yake zuwa?”

“Na zaci kuskure kike yi. Ina ba Ammar.”

Dariya ta kusa ƙwace wa Zaituna, sai ta zo da hawaye. Zakiyya ta sa yatsa tana wasa da kan zif.

“Ni ma in na haihu haka zan yi?”

“Ban sani ba. In kina cikin mutanen da suka san abin, yana da kyau, ba zan ce miki ba shi da kyau ba. In ba kya cikinsu, ki duba fuskar yaron tukuna.”

Yarinyar ta ja zif a hankali. Sabon hijabin ne a sama. Ta ciro shi ta warware, ta ɗora a gwiwa. “Ana barin mutum ya sa wanda ba na makaranta ba, ranar zuwa Sheda?”

“Zan tambayi Madam.”

“Kawu Hadi fa? Na riga na sa Baba ya gaya masa.”

“Ni zan yi masa bayani. Albasa zai kawo, ya koma da buhunansa.”

Zakiyya ta ciro takalmanta ta tura ƙarƙashin gado, ta ciro littafin haddarta ta ajiye a taga. Sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Ɗazu a aji ban ji sosai ba. Enoch yana surutu.”

Zaituna ta san yarinyar ta ji. Ta gyara zama, ta dubi ƙeyar 'yarta, kitson da ita ta yi mata ranar Lahadi ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Wannan karon babu rajista a gabanta, babu layin da za ta bi da yatsa.

“Zakiyya,” ta ce. “Shekara guda kina gabana na bar ki kina zaton ina gudun ki. Na hana ki abin da kika ci da ƙoƙarinki. Laifina ne, ba naki ba. Ki yafe mini.”